Gangar Baba ta Ƙarshe

Litinin, 3 ga Oktoba

Yau motar masana'antar wuski ta tsaya a ƙofar gida, samari biyu suka gangaro da ganga suka ajiye mana a tsakar gida. Wai kyauta ce ga Baba. Ita ce ta ƙarshe da ya haɗa da hannunsa kafin ya yi ritaya. Shekara goma sha takwas tana kwance a sito da wuski a cikinta, sai makon jiya aka juye ta. Tambarinsa na nan a marfin, D.R., Dod Rennie, kamar jiya aka ƙona shi.

Baba ya fito da sandarsa, ya zagaye ta, ya ƙwanƙwasa cikinta. Ni kuwa na zare matoshin na kai hanci. Wayyo! Zuma, zabibi, ƙonannen sukari. Katakon nan ya sha ya ƙoshi. Nan take na ga baƙar giyata kwance a ciki tana tsotse ƙamshin nan.

Na ce, "Baba, me za ka yi da ita?"

"Zarto," in ji shi. "Gida biyu. In shuka dankali a ɗaya, albasa a ɗaya."

Saura kaɗan in faɗi.

Laraba, 5 ga Oktoba

Na roƙe shi. Ni, Ishbel, mai shekara hamsin da biyu, ina roƙon tsohuwar ganga kamar yarinya mai neman alewa.

Ya ce gangarsa ta ɗauki wuski mafi daraja a bakin kogin Spey, ba za ta ƙare da ruwan wanke-wankena a ciki ba. Ya sake maimaita waƙarsa: wai giya wuski ce da aka kora daga makaranta. Shekara shida ina dafa giya a rumfar bayan gida, rabin ƙauyen nan na shan ta a mashayar ƙawata Morven, shi ko ɗigo bai taɓa kai wa baki ba. Ko ƙafa bai taɓa sawa a rumfar ba.

Ban damu ba. Gangar nake so, ba yabonsa ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Na samu! Kawu Wattie ne ya yi min aikin. Shekara arba'in suka yi shi da Baba a maƙerar ganga, kafaɗa da kafaɗa, suna zagin aikin juna. Dukan guduma ya cinye masa kunne, don haka ba ya magana sai da ihu. Ya zo shan shayi bayan coci, ya ji labari, ya ce, "Dod, tsoro kake ji! Tsoro kake kada yarinyar nan ta gano gangarka na yoyo!"

Baba ya ajiye kofi. "Gangata? Yoyo? Kai ne dai ba ka taɓa haɗa abin da ya riƙe ko fitsarin kyanwa ba."

Kafin shayi ya huce an ƙulla magana. Ganga tawa ce har lokacin shuka dankali. Ranar, a mashayar Morven, a gaban tsofaffin maƙera, Baba zai ɗanɗana sau ɗaya. In ta yi, ganga ta zama tawa har abada. In ba ta yi ba, a gabana zai sa mata zarto.

Ni da Morven muka mirgina ta cikin rumfa. Na ajiye ta a lungu mafi tsabta, kusa da tukunyar dahuwa, inda ba danshi ko kaɗan. Sarauniya guda, ai ba a ajiye ta a sanyi ba.

Talata, 11 ga Oktoba

Na dafa. Tsiron sha'ir da aka gasa har ya yi baƙi, mai yawa, don giyar ta yi ƙarfin da za ta tsaya wa wuski. Rumfa duk ƙamshin gahawa. Tana cikin tankin ƙarfe tana tashi, sai ta kwanta zan juye.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Kunya. Kunya kawai.

Na fara juyewa da hantsi ina 'yar waƙata, sai na ji ɗis, ɗis. Na duƙa. Ganga na kuka ta ko'ina, ta tsakanin katakai, ta gefen marfi, baƙar giya na bin ƙasa tana neman magudana. Na taɓa zoben ƙarfe na sama, ya motsa a hannuna.

Ni na jawo. Mai dafa giya ba ta da maƙiyi kamar danshi, komai namu a wanke, a bushe, a ɗumi. Ganga kuwa danshi ne ranta. Na ajiye ta kusa da wuta mako da makonni, katako ya bushe ya tsuke, haɗi ya buɗe. 'Yar maƙerin ganga ce ta yi wannan! Tun ina rarrafe nake jin Baba na cewa busasshiyar ganga matacciya ce.

Na mayar da abin da ya rage cikin tanki. Na wanke ƙasa sau biyu don kada wari ya kai cikin gida.

A wurin cin abinci Baba ya ce, "Ya sarauniyar taki?"

Na ce lafiya lau, miƙo min gishiri.

Juma'a, 28 ga Oktoba

In na cika ta da ruwa za ta kumbura ta rufe, amma ruwan zai wanke wuskin da ke jikin katakon, shi ke nan na tashi a banza. In na kira Kawu Wattie, kafin azahar duk ƙauye ya ji, tun da mutumin ko raɗa zai yi sai an ji a bakin gada. In na taɓa kayan aikin Baba, zai sani. Har ƙurar da ke kansu ya haddace.

Na je wurin Morven na zayyana mata. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗaga kai ta dubi bango. Guduma da ɗan ƙarfenta na kora zobe, waɗanda ta rataye don 'yan yawon buɗe ido su ɗauki hoto.

"Kin iya kuwa, ƙawata?"

Na ce ban sani ba. Ban taɓa riƙewa ba. Kallo dai na yi.

Kallo kam na yi. Duk hutun makaranta ina zaune kan tarin katako a maƙera ina bin hannunsa da ido. Da na cika sha shida na ce ya ɗauke ni koyon aiki. Ya yi dariya ya ce guduma ba ta san hannun mace ba, ya ɗauki ɗan maƙwabta, wanda bai yi shekara ba ya gudu aikin mai a teku. Tsohon zance ne. Ban ma san abin da ya sa na rubuta ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba

NA YI. Na yi, na yi, na yi!

Jiya na fitar da ita daga ɗumi, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙun barguna, na zuba ruwa a saman marfi ta waje ya kwana. Yau Baba na fita coci na rufe rumfa. Na sassauta zoben sama. Sai matsalar busasshiyar ciyawar rafi da ake cusawa a haɗi don ta toshe. Ina zan samu a wannan ruwan sama? Na tsaya a kicin ina tunani, idona ya faɗa kan tsohuwar kujerar marigayiya Mama, wadda mazauninta saƙar ciyawar ce. Na ce Mama, ki yafe min, da kina nan da ke za ki miƙo min almakashi. Na zare tsinke shida daga ƙasa.

Abin mamaki, hannuna ya san hanya. Tsaga ciyawar da farce, kwantar da ita a haɗi, danna ta da bayan wuƙa. Sannan zobe: ɗora ƙarfe, doka, matsa gaba, doka, ana zagayawa kamar rawa, ba a tsayawa wuri ɗaya. Na bugi babban yatsana har na ga taurari. Amma a zagaye na ƙarshe sautin ya canza, daga ƙwar-ƙwar ya koma wata ƙararrawa mai daɗi. Wannan sautin na yarintata ne. Na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Na juye giyar. Na shimfiɗa farar takarda a ƙasa na zauna ina gadi. Ko ɗigo.

Na mayar wa Morven kayan adonta. Ta ce in ba don ranar Lahadi ba ce da ta buga ƙararrawar mashaya.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Baba ya zauna kan kujerar Mama ya ji ta lotsa. Ya juya ta ya duba ƙasa, ya ce ɓeraye sun shigo gida. Ya ɗana tarko biyu. Ni na yanko masa cukun.

Farcen yatsana ya yi baƙi. Na ce ƙofar mota ce.

Asabar, 10 ga Disamba

Ɗanɗanon farko. Na zura ɗan bututu ta bakin matoshi na zuƙo rabin kofi.

Kai! Kamar an mare ni. Wuski a gaba yana ihu, giya a baya tana laɓe. Zafi har hanci, ga ɗacin katako yana kama harshe. In haka ta tsaya, dankali ya samu gida.

Morven ta kurɓa ta yi tari ta ce, "Wannan ai sai a wanke injin tarakta da ita."

Na toshe na fita. Ba abin da zan iya yi mata sai jira, kuma jira ba halina ba ne.

Asabar, 31 ga Disamba

Jajibirin sabuwar shekara. Kawu Wattie ya kawo mana gawayi da burodin zabibi kamar yadda al'adar daren take. Baba ya fito da kwalbarsa ta musamman, ya zuba wa kowa, ya ɗiga ruwa, ya ce, "A sha abin da ya gama makaranta." Ya kalle ni.

Na ɗaga kofi na ce, "A sha lafiyar ɓeraye." Bai gane ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Da safe na ga sawun takalmi da na sanda a kan dusar ƙanƙara, daga ƙofar kicin zuwa rumfa. Na bi a hankali. Yana ciki! Shekara shida, yau ya shiga. Ya juya min baya, ya kara kunne a jikin gangar yana ƙwanƙwasawa. Sai ya bi gefen marfi da babban yatsa, ya tsaya daidai inda na cusa ciyawa. Ya daɗe a wurin.

Bai juyo ba ya ce, "An taɓa gangar nan."

Na ɓoye babban yatsana a aljihu.

"Kin bar ta ta bushe, ko? Na sani. Sai kika ruga wurin Wattie." Ya sake shafa wurin. "Hm. Tsohon banza. Ashe ya iya aiki, sai da ya kusa kabari ya nuna."

Na ce a raina, Ishbel, bar shi ya hau, ya hau can sama, sannan a janye tsani.

Da ya fita na zuƙo kaɗan. Ta fara sauka. Wuskin ya daina ihu, yanzu magana yake yi.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Morven ta ce jiya Baba ya zauna a mashaya yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ya ga gyaran da bai taɓa ganin mai tsabtarsa ba, ko reza ba za ta shiga haɗin ba, kuma wai Wattie ne. Kawu Wattie na gefe bai ji komai ba, ya ga dai ana ɗaga masa kofi, shi ma yana ɗagawa.

Morven ta ce sai da ta shiga sito ta toshe baki da tawul.

Lahadi, 19 ga Maris

Yau ce. Na san yau ce tun daga ƙamshi.

Baƙa wuluk, kumfa kaɗan mai ruwan ƙasa. Kurɓar farko gahawa da cakulan. Kafin in haɗiye sai zuma da zabibi suka taso, can ƙarshe kuma ɗumin wuski ya sauka a ƙirji a hankali, ba faɗa, ba gardama. Sun shirya. Giyar ba ta ɓace ba, wuskin bai yi mata fin ƙarfi ba, kowa ya ba ɗan'uwansa wuri.

Na zauna kan bokiti na shanye kofin ni kaɗai, ruwan sama na dukan kwano. Ban taɓa yin abu mai kyau haka ba a rayuwata. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Ko Baba ya tofar, ni na san abin da na yi.

Amma kada ya tofar.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Na juye giyar cikin tankunan ƙarfe, an kai wa Morven. Baba ya ce a kai gangar ma, a ajiye a filin bayan mashaya, don kada a ɓata lokaci. Duk yamma yana zaune a ƙofar kicin yana wasa zarto, yana feɗuwa. Irin dankalinsa na jere kan taga sun fito da ido.



Asabar, 15 ga Afrilu

Gashina na ɗanƙo, amma sai na rubuta kafin in manta wani abu.

Ƙarfe biyu na rana mashaya ta cika. Tsofaffin maƙera sun jeru a dogon teburi da hulunansu. Baba ya shigo ya ɗora zarto a tsakiyar teburi. Morven ta zuba wa kowa, ta ajiye nasa a ƙarshe.

Kafin ya taɓa kofi ya ce bari ya fara da gaskiya. Ya nuna Kawu Wattie da sanda, ya ɗaga murya don ya ji: "Da ba don kai ba, da yarinyar nan ta kashe min ganga! Shekara arba'in ina cewa ba ka iya ba. Na janye. Gyaran nan ko ni sai haka."

Kawu Wattie ya kama kunne. "Wane gyara?"

"Na gangata!"

"Ni? Rabona da guduma tun bikin ritayarka! Dubi hannun nan, Dod, ko maɓallin riga ba ya iya sawa!"

Morven ta miƙa hannu ta sauko da guduma daga bango ta ajiye a gabana. Ni kuma na ɗora babban yatsana a kan teburi, da sabon farcen da bai gama fitowa ba.

Na ce, "Ba ɓeraye a gidanmu, Baba."

Ya kalli gudumar, ya kalli yatsan, ya kalle ni. Wani daga ƙarshen teburi ya ce, "Ko kai sai haka, Dod. Mun ji da kunnenmu." Dariya ta ɓarke, Kawu Wattie na ta tambaya me aka ce.

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki kofi. Ya shinshina, ya daɗe. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na rantse na tsufa a wannan ɗan lokacin.

Ya ce, "Gangar ta yi aikinta."

Shi ke nan wai! Na ji raina ya fara tashi. Sai ya tura wa Morven kofin, wanda ban ma ga lokacin da ya shanye ba, ya ce, "'Yar nan, wannan ɗan kofin na 'yan yawon buɗe ido ne? Kawo na mutane."

Aka buga teburi, aka yi ihu. Na ɗauka an gama. Ashe ba a fara ba.

Ya miƙe, ya bar zarton a teburi, ya ɗauki gudumar ya fita fili. Muka bi shi. Ya sassauta zoben sama na gangarsa, ya ciro marfin mai tambarinsa ya jingine a bango. Sannan ya juyo ya ce wa tsofaffin, "To, me kuke jira? Akwai wadda ba a mirgina ba."

Na sha ganin abin nan ina yarinya, daga kan tarin katako. Ranar da ɗan koyo ya gama, a cusa shi cikin ganga, a zuba masa duk ƙazantar maƙera, a mirgina shi a zagaye fili. Sai ya fito ake kiransa maƙeri. Kafin nan ko ya fi kowa iyawa, yaro ne.

Na ce, "Baba, shekarata hamsin da biyu, ga bayana..."

"Wa ya ce ki makara? Shiga."

Na shiga. Morven, maciya amana, ashe har ta tanadi toka daga murhu, da ruwan rake mai kauri, da gashin kaza daga tsohon matashin kai. Suka juye min duka a ka, da ragowar giya. Aka kwantar da ganga. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suna turawa suna nishi suna waƙar maƙera, duniya na juyawa, ƙamshin zuma da wuski ya cika min hanci, ina ihu ina dariya ina haɗiyar gashin kaza. Ta bakin gangar ina hango takalman Baba suna bin mu, da sandar, yana cewa, "A hankali da ita! A hankali!"

Kawu Wattie ya ce, "Gangar ko yarinyar?"

Ban ji amsar ba, an riga an juya ni.

Da aka jawo ni waje na kasa tsayawa. Baba ya riƙe min gwiwar hannu, bai damu da ɗanƙon ba. Ya nuna marfin da ke jingine ya ce, "Wanda ya gaji ganga shi ke mayar mata da marfi. Kayan aikina na nan inda kika san suke, maƙeriya."

Na yi kuka, a gaban kowa. Da toka a fuska ba wanda ya gane, ina fata.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Ko'ina ciwo. Wanka uku, har yanzu ina tsintar gashin kaza a kunne.

Laraba, 19 ga Afrilu

An dawo da gangar rumfa, na mayar da marfin da gudumarsa. Ƙotar ta lotsa daidai wurin yatsunsa, nawa sun zauna a ciki, sai ɗan sarari kaɗan. Ya tsaya a ƙofar rumfa yana cewa na cika sauri, ina duka kamar mai kashe maciji. Ya gaji da tsayuwa ya koma gida.

Na sayo masa manyan bokitan roba biyu. Ya ce dankali a roba abin kunya ne, sannan ya shuka.

An yi min alkawarin sabon tsiron sha'ir ranar Juma'a. Baba ya ce giya ta gaba a rage mata zaƙi. Ba ruwansa, giyata ce. Na dai rage kaɗan a lissafin, don ni ma na ga haka.

Na kai kujerar Mama rumfa, na gyara saƙar, na ajiye ta kusa da gangar, inda ake ganin aiki sosai. Kicin ne ya yi mata ƙunci, ba don kowa na kai ta ba.

Na dai ɗora mata matashi. Bayan Baba ba ya son abu mai tauri.